George Gavan Duffy

George Gavan Duffy (21 ga Oktoba, 1882 – 10 ga Yuni, 1951) lauya ne, ɗan siyasa, jami'in diflomasiyya, kuma alƙali ɗan ƙasar Ireland. Shi ne lauyan da ya ɗauki nauyin kare Roger Casement a shari'ar cin amanar ƙasa da aka yi masa a Landan a shekarar 1916. Yana kuma cikin wakilai 5 da suka sa hannu a madadin Ireland a kan yarjejeniyar da aka ƙulla da Birtaniya ranar 6 ga Disamba, 1921, wadda ta haifar da Ƙasar Ireland Mai 'Yanci. Ya riƙe muƙamin ministan harkokin waje na kimanin wata 6 a shekarar 1922, sannan ya yi murabus saboda gwamnatin da yake cikinta ta rushe kotunan da 'yan gwagwarmaya suka kafa. An naɗa shi alƙalin Babbar Kotu a 1936, ya zama shugabanta a 1946, yana kan wannan kujera har ya mutu. An fi tuna shi a fagen shari'a da hukunce-hukuncen da suka taka wa gwamnati da majalisa burki, da kuma wasu da suka jawo masa zargin fifita Cocin Katolika.

Asali da karatu

An haife shi a Rock Ferry, cikin yankin Cheshire a Ingila. Mahaifinsa, Sir Charles Gavan Duffy, yana cikin mutum 3 da suka kafa jaridar The Nation a Dublin a 1842, tare da Thomas Davis da John Blake Dillon. Hukumomin Birtaniya sun gurfanar da Charles a kotu sau da dama a 1848 da 1849 ba tare da an same shi da laifi ba. Daga baya ya yi ƙaura zuwa Ostiraliya, inda ya zama firimiyan yankin Victoria daga 1871 zuwa 1872. Da ya tsufa sai ya koma birnin Nice a kudancin Faransa da zama.

George ɗan matarsa ta uku ne, Louise Hall, wadda ta mutu a 1889 yana ɗan shekara 6. Yayyensa mata 'yan uba ne suka rene shi tare da ƙannensa a Nice. A can ya fara makaranta, ya tashi da Faransanci a bakinsa, ya kuma iya Italiyanci. Ya ci gaba da karatu a kwalejin Stonyhurst ta limaman Jesuit a Lancashire.

Gidansu ya fitar da wasu sanannun mutane. Wansa ɗan uba, Sir Frank Gavan Duffy, ya zama alƙalin alƙalan Ostiraliya daga 1931 zuwa 1935. Ƙanwarsa Louise Gavan Duffy ta shiga Tawayen Ista na 1916, ta kuma kafa makarantar Scoil Bhríde a Dublin a 1917, inda ake koyarwa da harshen Irish. George ya auri Margaret Sullivan, 'yar ɗan jarida kuma ɗan majalisa A. M. Sullivan.

Aikin lauya a Landan da shari'ar Casement

A Ingila da Ireland aikin lauya kashi biyu ne. Akwai solisita, wanda ke ganawa da mai ƙara kai tsaye, ya tattara shaidu, ya shirya takardu. Akwai kuma barista, wanda solisita ke ɗauka domin ya tsaya gaban alƙali a manyan kotuna. Wannan ya bambanta da Najeriya, inda lauya ɗaya ke yin duka biyun. Gavan Duffy ya zama solisita a 1907, ya shiga wani kamfanin lauyoyi a Landan.

Roger Casement tsohon jami'in Birtaniya ne ɗan Ireland. Ya yi aiki a yankin Kalaba da ke Najeriya ta yanzu a farkon shekarun 1890, ya kuma yi suna da rahotonsa na 1904 kan azabar da ake gana wa masu tatsar roba a Kwango, da wani makamancinsa kan yankin Putumayo a Kudancin Amurka. Bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tafi Jamus neman makamai, ya kuma yi ƙoƙarin kafa runduna daga cikin fursunonin yaƙi 'yan Ireland. An kama shi ranar 21 ga Afrilu, 1916, jim kaɗan bayan wani jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya sauke shi a gaɓar Banna a yankin Kerry. Bayan kwana 3 aka fara Tawayen Ista a Dublin.

Gavan Duffy ya karɓi aikin kare shi a lokacin da ake tsakiyar yaƙi da Jamus, mutanen Ingila kuma na ganin Casement a matsayin maci amana. Abokan aikinsa a kamfani suka ba shi zaɓi: ko ya saki shari'ar, ko ya bar kamfanin. Ya zaɓi barin kamfanin. Manyan baristocin Ingila ma sun yi ta kaucewa, don haka ya kira ɗan'uwan matarsa, Serjeant A. M. Sullivan, daga Dublin. Artemus Jones da J. H. Morgan suka mara masa baya.

An yi shari'ar daga 26 zuwa 29 ga Yuni, 1916, a gaban Lord Reading da wasu alƙalai biyu. Mai gabatar da ƙara shi ne Antoni Janar F. E. Smith, wanda shi kansa shekaru kaɗan kafin nan yake goyon bayan 'yan Ulster da suka ɗauki makamai domin hana a bai wa Ireland mulkin kai na cikin gida. An tuhumi Casement a ƙarƙashin Dokar Cin Amanar Ƙasa ta 1351, wadda aka rubuta da tsohon Faransancin Normandi ba tare da alamomin rubutu ba. Sullivan ya dogara da cewa dokar ba ta shafi abin da mutum ya aikata a wajen masarautar ba. Alƙalai suka karanta jimlar ta wata fuska, kamar akwai waƙafi a wurin da ake gardama, suka ce ta shafe shi. Daga nan ne aka samu zancen da ya yaɗu cewa waƙafi ne ya rataye Casement. Shi Casement ya fi son a yi kariya ta siyasa, wato ya amsa abin da ya yi ya ce ƙasarsa ya yi wa aiki, kuma marubuci George Bernard Shaw ya ba da shawara irin wannan, amma Sullivan ya ƙi.

An yanke masa hukuncin kisa, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a watan Yuli, Smith kuma ya hana izinin kai maganar gaban Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙarshe a lokacin. Yayin da Gavan Duffy da wasu ke neman a yi sassauci, jami'ai sun riƙa nuna wa manyan mutane shafukan wasu littattafan sirri da aka ce na Casement ne, masu bayanin mu'amalarsa da maza, abin da ya sanyaya gwiwar masu roƙon. An rataye shi a kurkukun Pentonville ranar 3 ga Agusta, 1916. Sai a 1965 aka mayar da gawarsa Ireland.

Bayan wannan shari'a Gavan Duffy ya tattara ya koma Dublin. A 1917 aka karɓe shi a matsayin barista a King's Inns.

Majalisar Dáil da aiki a Turai

A babban zaɓen Disamba 1918 jam'iyyar Sinn Féin ta ci kujeru 73 daga cikin 105 na Ireland. Gavan Duffy ya ci kujerar Kudancin Dublin. 'Yan jam'iyyar sun ƙi zuwa majalisar Westminster, suka kafa tasu a Dublin mai suna Dáil Éireann. A zamanta na farko, ranar 21 ga Janairu, 1919, an karanta sanarwar 'yancin kai da harsuna 3: Cathal Brugha da harshen Irish, Gavan Duffy da Faransanci, sannan Éamonn Duggan, wanda shi ma solisita ne, da Turanci. An sa Faransanci ne domin shi ne harshen diflomasiyya, kuma ana son saƙon ya isa taron sulhu da ake yi a Faris.

Dáil ta tura Seán T. O'Kelly zuwa Faris, daga baya Gavan Duffy ya bi shi. Burinsu shi ne taron ya saurari Ireland bisa ƙa'idar da shugaban Amurka Woodrow Wilson ya yi ta ambato, cewa kowace al'umma na da haƙƙin zaɓar makomarta. Taron bai saurare su ba, domin manyan ƙasashe sun ɗauki batun a matsayin harkar cikin gida ta Birtaniya. Sai suka karkata ga 'yan jarida, suna rarraba labaran abin da sojoji da 'yan sandan Birtaniya ke yi a Ireland. A watan Satumba 1920 gwamnatin Faransa ta kori Gavan Duffy daga ƙasar saboda rubuce-rubucensa kan Terence MacSwiney, magajin garin Cork, wanda ke yajin cin abinci a kurkukun Brixton. MacSwiney ya mutu ranar 25 ga Oktoba bayan kwana 74.

Daga Faris ya koma Brussels, sannan Roma. Babban aikin wakilan Dáil a Roma shi ne hana Fadar Paparoma fitar da sanarwar yin tir da Sinn Féin, abin da zai yi wa gwagwarmayar illa a ƙasar da mafi yawan mutanenta Katolika ne. Fadar ba ta fitar da irin wannan sanarwa ba.

Yarjejeniyar 1921

An tsagaita wuta ranar 11 ga Yuli, 1921, aka fara tattaunawa a Landan ranar 11 ga Oktoba. Éamon de Valera, shugaban Dáil, bai je ba. Wakilan Ireland su ne Arthur Griffith, Michael Collins, Robert Barton, Éamonn Duggan da Gavan Duffy, Erskine Childers kuma shi ne babban sakatare. An sa Duggan da Gavan Duffy ne musamman saboda sanin shari'a. A ɓangaren Birtaniya akwai Firaminista David Lloyd George, wanda shi ma solisita ne, da Austen Chamberlain, da Winston Churchill, da F. E. Smith, wanda a lokacin ya zama Lord Birkenhead. Ke nan Gavan Duffy ya sake fuskantar mutumin da ya gurfanar da Casement.

Tun daga ƙarshen Oktoba, Lloyd George ya mayar da muhimman maganganu zuwa ƙananan taruka da Griffith da Collins, abin da Barton da Gavan Duffy suka yi ƙorafi a kai. Su biyun, tare da Childers, sun tsaya kan shawarar de Valera, wato Ireland ta yi ƙawance da ƙasashen daular daga waje ba tare da ta shiga ƙarƙashin sarauta ba. A zaman 4 ga Disamba, Gavan Duffy ya faɗa a fili cewa matsalar ita ce shiga cikin daular, nan take wakilan Birtaniya suka tashi taron.

Washegari da dare Lloyd George ya ce dole dukkan wakilai 5 su sa hannu, in ba haka ba yaƙi zai dawo cikin kwana 3. Griffith, Collins da Duggan suka amince. Bayan doguwar gardama a masaukinsu da ke Hans Place, Barton ya sakko, Gavan Duffy kuma shi ne na ƙarshe da ya yarda. Yarjejeniyar ta bai wa gundumomi 26 matsayi irin na Kanada a cikin daular, ta ƙyale gundumomi 6 na Ireland ta Arewa su fice, ta bar wa sojojin ruwan Birtaniya wasu tasoshi, ta kuma tanadi rantsuwar da 'yan majalisa za su yi mai ɗauke da sunan sarki.

A muhawarar Dáil, Gavan Duffy ya ce yana ba da shawarar a karɓi yarjejeniyar ne ba da son ransa ba. Ya bayyana cewa barazanar yaƙi ce ta sa ya sa hannu, kuma bai ga wata mafita ba. Ya ƙara da cewa idan an zo rubuta tsarin mulki, ana iya rage matsayin sarki har ya zama ba shi da tasiri. Ranar 7 ga Janairu, 1922, Dáil ta amince da ƙuri'a 64 a kan 57. De Valera ya sauka, Griffith ya gaje shi, ya kuma naɗa Gavan Duffy ministan harkokin waje.

Kotunan Dáil da murabus

A ɗan lokacin da ya yi a ma'aikatar, ya dage kan cewa sabuwar ƙasar ta riƙe wakilanta na kanta a waje, ta kuma nemi shiga Majalisar Ƙawancen Ƙasashe domin duniya ta san ba reshen Birtaniya ba ce. Ƙasar ta shiga majalisar a watan Satumba 1923, bayan ya bar ofis.

Abin da ya raba shi da gwamnati shi ne kotunan Dáil. An kafa su ne da dokar Dáil ta 29 ga Yuni, 1920, ƙarƙashin ministan cikin gida Austin Stack, domin jama'a su daina zuwa kotunan sarki. Suna da matakai 4: kotun unguwa, mai sauraron ƙarar da ba ta wuce fam 10 ba, kotun gunduma, har zuwa fam 100, kotun zagaye, da kotun ƙoli. A ƙananan matakan ba lauyoyi ne ke alƙalanci ba, mutanen gari ne da aka zaɓa, ciki har da limaman coci da mata. A manyan matakan akwai ƙwararrun lauyoyi 4: James Creed Meredith, Arthur Clery, Diarmuid Crowley da Cahir Davitt. Dokar da suke aiki da ita ita ce wadda ke akwai ranar 21 ga Janairu, 1919, amma an yarda lauya ya kawo hujja daga tsohuwar dokar gargajiya ta Brehon, da dokar Romawa, da kundin Napoleon. Ana zama a makarantu, rumbuna da gidajen mutane, sau da yawa a ɓoye. A yammaci da kudancin ƙasar kotunan sarki sun kusa zama kango, har masu gonaki magoya bayan Birtaniya kan kai ƙararsu gaban kotunan Dáil, domin hukuncinsu ne ake iya zartarwa. Shugabannin ƙungiyar baristoci sun nuna rashin amincewa da mambobinsu su bayyana a can, amma solisitoci da yawa sun bi masu ƙararsu.

Yaƙin basasa ya fara ranar 28 ga Yuni, 1922, lokacin da sojojin gwamnatin wucin gadi suka buɗe wuta kan masu adawa da yarjejeniya da suka mamaye Four Courts, hedikwatar kotunan Dublin. Bayan kwana 2 wata fashewa ta ƙone ɗakin ajiye takardun tarihi da ke harabar, aka yi asarar takardun ɗaruruwan shekaru. Cikin waɗanda aka kama akwai George Plunkett. Mahaifinsa, Count Plunkett, ya nemi kotun Dáil ta ba da umarnin da ake kira habeas corpus a harshen Latin, wato a kawo wanda ake tsare da shi gaban alƙali a nuna dalilin tsare shi bisa doka. Alƙali Crowley ya ba da umarnin. Gwamnati ta ga cewa idan ta bi, duk fursunonin yaƙin za su bi wannan hanya. Maimakon ta amsa, sai ranar 25 ga Yuli ta soke dokar da ta kafa manyan kotunan. Crowley ya ba da sammacin kama ministan tsaro Richard Mulcahy da shugaban kurkukun Mountjoy, daga baya aka kama shi kansa aka tsare na wasu kwanaki.

Gavan Duffy ya yi murabus a ƙarshen watan Yuli. A ganinsa gwamnati ba ta da ikon rushe kotu don kawai hukuncinta bai yi mata daɗi ba. Masu kare matakin kuwa sun ce ba a iya gudanar da yaƙi da kotuna iri biyu masu cin karo da juna, musamman da yake wasu alƙalan na goyon bayan 'yan tawaye.

A Dáil ta uku

Ya ci gaba da zama ɗan majalisa, yana goyon bayan yarjejeniya amma yana sukar gwamnati. Griffith ya mutu ranar 12 ga Agusta, aka kashe Collins ranar 22 ga wata, W. T. Cosgrave ya karɓi ragama. Kwamitin da ya rubuta tsarin mulkin 1922 ya ƙunshi lauyoyi irin su Hugh Kennedy, James Murnaghan da John O'Byrne. Daftarin farko ya kusa share sunan sarki, kamar yadda Gavan Duffy ya yi fata, amma Birtaniya ta ƙi, aka mayar da rantsuwa da sauran alamomin sarauta. Ya zargi gwamnati da saurin ja da baya, abin da ya haddasa cacar baki tsakaninsa da ministan cikin gida Kevin O'Higgins.

A watan Nuwamba aka kama Erskine Childers da wata ƙaramar bindiga da Collins ya taɓa ba shi. Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, aka harbe shi ranar 24 ga Nuwamba, 1922, alhali ƙarar da lauyoyinsa suka ɗaukaka ba a saurare ta ba. Gavan Duffy na cikin 'yan ƙalilan da suka yi tir da wannan a zauren majalisa. Kafin yaƙin ya ƙare a watan Mayu 1923, gwamnati ta zartar da hukuncin kisa kan aƙalla fursunoni 77. A zaɓen Agusta 1923 ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa a gundumar Dublin, ya faɗi.

Komawa aikin lauya

Sabuwar ƙasar ta dogara ƙwarai da lauyoyi. Tim Healy, tsohon barista kuma ɗan majalisa, shi ne gwamna janar na farko. Hugh Kennedy ya zama Antoni Janar na farko, sannan alƙalin alƙalai bayan Dokar Kotuna ta 1924 ta kafa sabon tsari. Gavan Duffy kuwa ya koma aikin barista, ya samu muƙamin babban lauya, ra'ayinsa kuma ya riƙa matsowa kusa da na de Valera, wanda ya kafa jam'iyyar Fianna Fáil a 1926.

An san shi da matsayinsa kan kuɗin filaye. Kafin 'yanci, gwamnatin Birtaniya ta bai wa manoman Ireland rance domin su sayi gonakin da suke haya, suna biya duk shekara. Gwamnatin Cosgrave ta ci gaba da karɓar kuɗin tana aika wa Landan, kimanin fam miliyan 3 a shekara. Gavan Duffy ya ce babu wata doka da ta wajabta wa ƙasar biyan wannan kuɗi. Da de Valera ya hau mulki a 1932 ya dakatar da biya, Birtaniya ta rama da haraji kan shanu da sauran kayan Ireland. Rikicin ya ƙare a 1938 da biyan fam miliyan 10 a dunƙule, Birtaniya kuma ta mayar da tasoshin ruwan da ta riƙe.

Yana cikin waɗanda de Valera ya nemi shawararsu wajen tsara kundin tsarin mulkin 1937, ko da yake John Hearne, lauyan ma'aikatar harkokin waje, shi ne ya yi mafi yawan rubutun. Jama'a sun amince da kundin ranar 1 ga Yuli, 1937, ya fara aiki ranar 29 ga Disamba.

A kujerar alƙali

Tun farkon alƙalancinsa ya nuna cewa ba ya ɗaukar tsofaffin hukunce-hukuncen kotunan Ingila a matsayin abin da dole a bi. A shari'ar Exham da Beamish ta 1939 ya ce alƙalin Ireland na da damar barin irin waɗannan hukunce-hukunce idan ba su dace da tsarin mulki da yanayin ƙasar ba. Yawancin abokan aikinsa, waɗanda suka yi karatu a tsohon tsari, ba su bi shi a kan wannan ba a lokacin.

Shari'ar Burke, 1939. Bayan ƙungiyar IRA ta fara kai hare-haren bama-bamai a Ingila, majalisa ta yi Dokar Laifuffukan Cin Zarafin Ƙasa ta 1939, wadda ta bai wa minista ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba. Ɗan'uwan wani da aka tsare ya nemi habeas corpus, cikin lauyoyinsa har da Seán MacBride, tsohon babban hafsan IRA da ya zama barista a 1937. A watan Disamba 1939 Gavan Duffy ya yanke cewa ministan da ya gamsu mutum ya yi laifi ya kuma sa a kulle shi, aikin alƙali ya yi, tsarin mulki kuwa kotu kaɗai ya bai wa wannan iko. Ya ba da umarnin saki. Kotun Ƙoli ta ce ba a ɗaukaka ƙara kan umarnin sakin mutum, don haka gwamnati ta saki sauran waɗanda ake tsare da su. Ranar 23 ga Disamba IRA ta fasa rumbun makaman soja a Phoenix Park ta kwashe harsasai sama da miliyan 1. Gwamnati ta sake kawo dokar da ɗan gyaran kalmomi, shugaban ƙasa Douglas Hyde ya miƙa ta ga Kotun Ƙoli, ita kuma ta ce ta halatta a watan Fabrairu 1940. A 1941 aka gyara tsarin mulki ta yadda idan Babbar Kotu ta ga dokar da aka tsare mutum da ita ta saɓa wa kundin, sai ta miƙa batun ga Kotun Ƙoli maimakon ta sake shi kai tsaye.

Shari'ar kuɗin Sinn Féin, 1947. Bayan jam'iyyar ta dare a 1922, ma'ajinta sun ajiye kuɗinta a kotu. Sinn Féin ta wancan lokaci, ƙarƙashin Margaret Buckley, ta shigar da ƙara tana neman kuɗin. Ana cikin shari'a sai gwamnatin de Valera ta sa majalisa ta yi doka da ke umartar kotu ta kori ƙarar, a miƙa kuɗin ga wata hukuma. Gavan Duffy ya ƙi bin umarnin, ya ce majalisa ba ta da hurumin faɗa wa kotu yadda za ta yanke ƙarar da ke gabanta. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncinsa. A 1948 wani alƙali, Kingsmill Moore, ya yanke cewa a doka sabuwar Sinn Féin ba ita ce ta da ba, kuɗin shari'a kuma ya cinye mafi yawan dukiyar. Har yanzu ana koyar da wannan shari'a a matsayin ginshiƙin raba iko tsakanin majalisa da kotu a Ireland.

Addini. Gavan Duffy mai riƙo da Katolika ne sosai, kuma hakan ya fito a hukunce-hukuncensa. A shari'ar Cook da Carroll ta 1945 ya ce ba a tilasta wa limamin coci ya bayyana a kotu abin da mabiyansa suka faɗa masa a asirce. A shari'ar Schlegel ta 1942 ya yanke cewa mai gida da ta ƙi yarda a mayar da haya ga wani likitan haƙori saboda shi Bayahude ne ba ta wuce gona da iri ba, hukuncin da masana na baya suka yi ta suka a matsayin nuna wariya. A shari'ar Tilson ta 1950, wani uba ɗan Furotesta da ya yi alkawari a rubuce kafin aure cewa za a rene 'ya'yansa a Katolika, ya kai yaran wani gidan renon Furotesta. Tsohuwar doka ta bai wa uba shi kaɗai ikon zaɓar addinin 'ya'ya. Gavan Duffy ya ce alkawarin ya ɗaure shi, ya mayar wa uwar da yaran, yana kafa hujja har da sashe na 44 da ya ambaci matsayi na musamman na Cocin Katolika. Kotun Ƙoli ta amince da sakamakon, amma ta dogara ne da cewa uwa da uba suna da haƙƙi daidai, kuma yarjejeniyar da suka ƙulla tare ɗaya ba zai warware ta shi kaɗai ba. Hukuncin ya tayar da hankalin Furotesta a kudu da arewa. An cire wancan sakin layi na sashe na 44 bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disamba 1972.

Mutuwa

Ya ga ranar da Ireland ta zama jamhuriya ta fice daga ƙungiyar Commonwealth, 18 ga Afrilu, 1949, a ƙarƙashin gwamnatin da baristoci biyu ke kan gaba a cikinta: John A. Costello, tsohon Antoni Janar, a matsayin firaminista, da Seán MacBride a matsayin ministan harkokin waje. Ya mutu a Dublin ranar 10 ga Yuni, 1951, yana da shekara 68. Cahir Davitt, ɗaya daga cikin alƙalan kotunan Dáil da ya yi murabus dominsu a 1922, shi ne ya gaje shi a shugabancin Babbar Kotu.

A shekarun 1960, lokacin da Kotun Ƙoli ƙarƙashin Cearbhall Ó Dálaigh, tare da alƙali Brian Walsh, ta fara amfani da tsarin mulki sosai wajen kare haƙƙin ɗan ƙasa, an riƙa komawa ga hukunce-hukuncensa a shari'o'in Burke da kuɗin Sinn Féin a matsayin waɗanda suka share hanya. Hukunce-hukuncensa a shari'o'in Schlegel da Tilson kuwa ana kawo su a matsayin misalin irin tasirin da addini ke da shi a kotunan ƙasar a tsakiyar ƙarni na 20.